Anza ba ta shiga waya ba

A yau matan Sanam da na Filinge suna haɗuwa a zaurukan WhatsApp da Facebook, suna koya wa juna girki. Abin yabo ne. Sai dai yawancin hotunan da ake turawa na shinkafa ne da taliyar birni.

To, wa zai koyar da gyaran anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki, ana sake mata ruwa, kafin ɗacinta ya fita? Da ita talakawa da dama suka rayu a yunwar 1984 da ta 2005, ga shi tsofaffin da suka iya aikin suna ƙarewa.

Ya ku ɗaliban yaƙi da jahilci, ku zauna gaban iyayenmu mata na Kurfai, ku rubuta wannan sani da Hausa, ku aika shi zaurukan nan.