Tsimin da Bai Dace da Rijiyar Mai ba

Idan aka tura kwaɓaɓɓen siminti tsakanin bututun ƙarfe da bangon rijiyar mai, matsi yakan tatse ruwansa zuwa cikin dutse, sai kwaɓin ya yi kauri tun bai isa inda ake so ba, ya bar kafar da gas zai bi. Maganinsa folima, wato sinadari mai dogayen ƙwayoyi kamar sarƙa, wanda ke toshe ƙofofin simintin da ya taru a bango. Sai dai na tsirrai, irin su HEC, yakan lalace idan zafi ya tsananta, alhali folima mai haɗin sinadarin AMPS na jure gishiri da zafin da ya haura digiri 150 na Salsiyos. Tsadar haɗin AMPS ba hujjar tsuke hannu ba ce, domin gyaran rijiya mai yoyo ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba.