A Bar Wa Jif Tamostat Ɗinta

Da yawanmu mu ake turawa gareji da Highlander ɗin Baba, 'yar Kwatano. Kana zuwa bakanike zai ce, "Alhaji ƙarami, a cire tamostat, na ƙasar sanyi ne." Ni dai na ce kar ka yarda. Shi ke tsare ruwan lagireto har inji ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe. In babu shi, inji zai daɗe bai ɗau ɗumi ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai, ga fetur yau sai mai hali. In jif tana zafi, a duba lagireto, fanka da famfon ruwa. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo. Cirewa ba gyara ba ne, ɗan'uwa.