Masu Gudun Hijira a Arewacin Zamfara: Wa Ke Ɗauke da Nauyinsu?

A watan Maris na 2025 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Banga da ke ƙaramar hukumar Kaura Namoda, suka kwashe mutane fiye da 50. Aka yi ta fafutukar haɗa kuɗin fansa har aka biya, amma da watan Yuli ya zo mutum 18 kaɗai aka sako, fiye da 30 kuwa an kashe su a daji. Jaridu suka ɗauki labarin na 'yan kwanaki, sannan aka shiga wata maganar.

To, mai karatu, sai mu tambayi kanmu, daga ina manomin ƙauye ke samo kuɗin fansa? Daga rumbunsa ne, da shanun nomansa, daga ƙarshe kuma gonar gado. Wato ko an sako masa ɗa, ko ba a sako ba, ya riga ya zama matalauci. In kuma aka sake kawo hari, sai ya kwashi iyali ya nufi Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko Gusau, ba gida ba sana'a.

A nan ne matsalar take. A arewa maso gabas, inda rikicin Boko Haram ya raba jama'a da gidajensu, an kafa sansanoni, kuma shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana fuskantar jihohin Borno da Adamawa da Yobe. Zamfara ba ta samu irin wannan gata ba. Yawancin waɗanda suka gudo suna raɓe ne a makarantun firamare, da kangaye, da gine-ginen da ba a gama ba, mafi yawa kuma a gidajen dangi da abokan arziki. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya shekara, ya kuma shekara. Magidancin da ke ciyar da mutum takwas da ƙyar ya wayi gari da ashirin, tukunya ɗaya, ɗaki biyu. Shi ne babban mai agaji a wannan yanki, shi ne kuma ba ya cikin lissafin kowa.

Sakamakon haka yana bayyana a jikin yara. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta jihar, ta auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, aka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Yaro ɗaya ke nan cikin huɗu, a jihar da take kirarin noma tushen arzikinta. MSF na taimaka wa asibitocin garuruwan biyu, amma asibiti yana warkar da yaro ne ya mayar da shi gidan da babu hatsi. Ga shi kuma a 2025 Amurka ta janye yawancin tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, abin da ya ƙara nuna cewa dogaro da na waje kaɗai ba zai kai mu ba.

Saboda haka muna ganin abubuwa uku sun kamata. Na farko, ƙananan hukumomi su sa dagatai da masu unguwanni su rubuta gidajen da suka sauki baƙi, domin su ne suka san kowane zaure. In an zo rabon hatsi, a ba mai masauki tare da baƙonsa, kada a jira sai mutum ya kwana a titi kafin a ce ya cancanta. Na biyu, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar, wadda take aiki tun zamanin gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura, ta ware wa waɗannan gidaje kaso na musamman, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da ta tara da inda ya tafi. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin mata su ma su haɗa jerin sunayensu wuri guda, don kada gida ɗaya ya samu sau uku, maƙwabcinsa bai samu ba. Na uku, masu gonaki kusa da gari su ba da aron fili kafin damina, gwamnati ta haɗa da iri da taki. Manomi ba ya son roƙo, fartanya yake nema.

Babu shakka maganin ciwon shi ne tsaro, kuma wannan hakkin gwamnati ne da ba wanda zai ɗauke mata. Amma kafin mutanen Banga da ire-irensu su koma gida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka bar masu masauki su kaɗai, rumbunsu zai ƙare, su ma su shiga layin masu neman taimako. Allah ya kawo mana sauƙi, amin.