Abin Da Ka Shafa Wa Jirginka, Shi Za Mu Ci A Miya

Jama'ar Haɗeja, masunta da masu fito da masassaƙan jirgi, ku tsaya ku ji! Kogin nan namu ne. Shi ke ba mu tarwaɗa da karfasa, shi ke shayar da shinkafar Auyo, shi ke raya dausayin Baturiya. Kuma duk abin da muka shafa a ƙasan jirgi, a cikinsa yake ƙarewa.

Kowa ya san wahalar. Gansakuka ta kama katako, jirgi ya yi nauyi, hannu ya gaji, katako ya fara ruɓewa. Sai a ɗauko baƙin mai ko ragowar fentin da ba a san asalinsa ba, a lafta. Ruwa ya riƙa wanke shi sannu a hankali. Ƙananan kifaye su sha, manya su haɗiye ƙanana, 'ya'yanmu su ci a miya.

Wasu sun riga mu ganin wannan masifa. Jiragen teku sun daɗe suna shan fenti mai gubar TBT don kada halittun ruwa su manne musu. Ya yi aikinsa, amma ya durƙusar da masu kiwon kawa, dangin katantanwa, a Arkashon ta Faransa. A 1982 Faransa ta hana shafa shi ga ƙananan jirage, a 2008 haramcin duniya ya fara aiki. Yau masana na haɗa shafi mai santsi wanda ba ya kisa, sai dai abu ya kasa mannewa. Wasu na gwada sinadarin tsirrai, irin wanda majema ke samu a bagaruwa.

Bagaruwa kuwa ga ta nan birjik a wurinmu! Malamai da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da na Kwalejin Binyaminu Usman a nan Haɗeja, ku sauko bakin kogi. Ku gwada a kan katakonmu. Ku auna. Ku faɗa mana shafin da ba ya cutar da kifi.

Mu kuma kada mu jira. Ɗan'uwa, ja jirginka tudu. Kankare shi. Bar shi ya sha rana. Tattara ɓawon fentin, kada ka share shi cikin ruwa. Kada ka ɗauraye galan ɗin mai a kogi. In za ka sayi fenti, tambayi abin da ke ciki. Iyaye mata masu bandar kifi, ku yi wa mazanku magana. Sarakunan ruwa, ku tara mutanenku ku kafa doka.

Ciyawar kachala ta riga ta shaƙe mana hanyoyin ruwa, don Allah kada mu ƙara da guba. Daga yau, baƙin mai ya daina taɓa kogin Haɗeja!