Wanda Aka Tsare A Ɗakin Jirgi

Cikin wasiƙun da suka zo wannan fili a makon nan akwai wata doguwa daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, mazaunin Samaru. Ya cika takarda huɗu ciki da baya, ga alama kuwa da zafin rai ya rubuta, don har alƙalami ya huda takardar wuri biyu. Ya roƙa a buga ta duka don ta zama gargaɗi ga jama'a. To, fili ba zai ɗauke ta ba, amma ga abin da ke ciki a taƙaice, sa'an nan in faɗi nawa.

Babban ɗansa, wanda ke aiki Ingila, ya so ya faranta wa iyayensa, sai ya biya kuɗin yawon kwana bakwai cikin jirgin ruwa a Bahar Rum, shi da matarsa da 'ya'yansu, da Malam da uwargida. Wanda bai taɓa jin labarin irin wannan jirgi ba, kada ya zaci na fatauci ne ko na alhazai. Gari ne guda bisa ruwa, bene kan bene, da ɗakunan kwana da na cin abinci da kantuna da wurin wasan yara, ya kan ɗauki mutum 3,000 ko fi. Yau ya tsaya wannan tasha a sauka a yi kallo, da yamma a koma ciki, gobe a wayi gari wata ƙasa, har ya komo inda ya tashi.

Daren kwana na uku, in ji Malam, jikanyarsa 'yar shekara shida ta kama amai da zawo. Kakarta, da ya ke ɗaki ɗaya su ke kwana, ta ɗauke ta zuwa wurin likitan jirgi. Likita ya duba, ya ba da magani, ya ce kada yarinya ta fita ɗaki sai ta yi kwana guda cur ba amai ba zawo. Kashegari kakar ita ma ta kamu. Aka hana su sauka, jirgi ya tsaya tasha biyu suna leƙe ta taga. Abinci ya kan zo a makare, ya huce, wani kuwa ba su san da naman me aka dafa shi ba, sai su ture shi su ci burodi da shayi. Boyin da ke kawowa ya ajiye bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ruga. Malam ya je ofishin jin koke sau uku, ko wane zuwa ya tarad da akawu dabam, ko wanne ya ce ya rubuta, ba wanda ya leƙo. Ran sauka kuma aka miƙo wa ɗansa takardar kuɗin likita. Malam ya rufe wasiƙarsa da cewa da sun sani da sun yi shiru, sun ba yarinya ruwan gishiri da sukari a ɗaki kamar yadda a ke yi gida, kuma duk mai niyyar irin wannan tafiya, in ciwo ya zo, ya kama bakinsa.

Allah ya gafarta Malam, an ɓata muku, wannan ba musu, zan kuwa zo kansa. Amma shawarar nan ta ƙarshe ba zan bari ta wuce ba.

Ciwon amai da zawo da ya fi addabar waɗannan jirage, likitoci na kiran ƙwayarsa norobairas. Ba kwalara ba ne, mai ƙarfin jiki ya kan tashi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Muguntarsa wajen saurin kamuwa ta ke. Yarinya ta taɓa hannun ƙofa, ta taɓa ƙarfen matakala, ta taɓa babban cokalin nan da kowa ke ɗiban shinkafa da shi, wanda ya biyo bayanta ya taɓa ya kai hannu baki, tsakanin awa 12 da 48 sai ka ji shi ma ya kwanta. Ko bayan ta ji sauƙi tana iya ba wani. Ɗan ruwan nan da a ke shafa wa hannu a bakin ƙofa bai cika kashe wannan ƙwaya ba, sai wanki da sabulu da ruwa. Ruwan gishiri da sukari kuwa magani ne na ƙwarai, Malam bai yi kuskure ba, shi ke mai da ruwan jiki. Sai dai jikanyar Malam kaɗai zai amfana. Tsohuwar da ke ɗakin gaba mai ciwon zuciya, da jaririn da ke bene na ƙasa, waɗanda zawon kwana biyu ke iya kai wa lahira, ba abin da zai yi musu. A Samaru mai ciwo na da tsakar gida, da rana, da makewayinsa, maƙwabci kuma na bayan katanga. A jirgi duk mutum dubu ukun nan a ɗakunan abinci ɗaya su ke ci, matakala ɗaya su ke hawa.

Ɓoyon ciwo a jirgi kuwa an taɓa yinsa, an ga abin da ya haifa. A shekarar 1865 kwalara ta faɗa wa alhazai a Makka, ta kashe dubbai. Jiragen hayaƙi suka kwashi masu komowa zuwa Suwais, aka yi ta mutuwa a hanya ana jefa gawa cikin teku, da aka iso masu jirgi suka ɓoye, don kada a tsare su su yi hasara. Aka sallami alhazai suka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya. Cikin 'yan watanni ciwon ya cinye dubban mutane a Masar, ya ƙetare zuwa Faransa da Italiya. Wannan ya sa manyan ƙasashe suka taru Istambul a 1866 don su shirya dokar tsare matafiya, daga baya aka kafa wuraren tsarewa a tsibirin Kamaran da Ɗur ta Sina'i. Sunan abin karantina, daga kalmar arba'in a harshen mutanen Italiya, domin da can kwana arba'in su ke tsare jirgin da ya fito ƙasar annoba. Wanda ya san Jidda ya san an yi wata unguwa can da a ke kira Karantina.

Mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne. Ina yaro na tarad da waɗansu tsofaffin alhazai masu zama inuwa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, waɗanda suka je Makka ta ƙasa, ta Yarwa da Fallomi da Fashir, suka yi shekaru suna aikin auduga a Sudan suna tara kuɗin ƙetarewa. In sun kai labari Sawakin, nan su ke daɗewa. Can a ke yi wa mai tafiya lamba da allura kafin ya shiga jirgi, can kuma a ke tsare mai komowa sai an tabbata ba ya ɗauke da kome. Ba wanda ya ce mini ya ji daɗin zaman. Waɗansu ma, gudun kuɗi da tsarewa, su kan zame da dare su shiga kwalekwalen Larabawa daga wani lungu na gaɓa, ba kuwa dukansu suka isa ba. Abin da na riƙe daga tsofaffin nan shi ne, ba su taɓa ɗaukar tsarewar da kanta wulaƙanci ba. Abin da ke ci musu rai har tsufa, wani ma'aikaci ne da ya daka musu tsawa, ko ruwan sha da aka jinkirta. Malamai kuma sun fi ni sanin yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Na kusa-kusa kuwa, 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, hukumar Saudiyya ta rufe wa alhazanmu ƙofa. Mutane sun yi kuka, ga kuɗi an biya, ga guzuri an ɗaure, amma ba mai hankalin da ya ce da ma an ɓoye.

To, yanzu ga inda Malam ke da gaskiya, ba kaɗan ba kuwa.

Wanda ya tsare mutum ya ɗauki nauyinsa ke nan. Ka hana ni zuwa inda abinci ya ke, tilas ka kawo mini shi da zafinsa, irin wanda na ke ci. Ka hana ni zuwa ofis, tilas ofis ya zo wurina. Likita ya faɗa wa tsohuwa dalili da harshen da za ta fahimta, in ba ta jin Turanci a kira ɗanta ya fassara, a gaya mata sa'ar da za a sake dubawa da sa'ar da za a buɗe. Rufe ƙofa kaɗai ba ya korar ciwo, duniya ta ga wannan a watan Fabrairu na 2020, sa'ad da aka tsare jirgin nan Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan saboda korona, da mutum wajen 3,700 a ciki. An ce fasinja kowa ya zauna ɗakinsa. Amma ma'aikata fiye da 1,000 suna nan suna dafawa suna rabawa ƙofa ƙofa, su kansu suna kwana biyu biyu ko fi a ɗaki ɗaya, suna cin abinci tare. Tsofaffi da yawa magungunansu na kullum suka ƙare, har wata ta rubuta haka jikin tuta ta rataya don na tudu su gani. Kafin a gama, fiye da mutum 700 sun kamu, fiye da goma sun rasu. Boyin nan da ya ƙwanƙwasa ya ruga, ni ban ga laifinsa sosai ba. Talaka ne ya baro iyalinsa wata uwa duniya, in ya kamu shi ma a tsare shi, mai taɓa abinci ma tsarewarsa ta fi ta fasinja tsawo. Laifin na manyansa ne da ba su aiko mai magana ba.

Batun takardar kuɗi shi ya fi ba ni haushi. Gaskiya ne a yawancin waɗannan jirage kuɗin likita ba ya cikin kuɗin tikiti, dabam a ke biya, da tsada kuwa, kuma an rubuta haka cikin sharuɗɗan nan masu ƙananan baƙaƙe da ba mai karantawa. Amma waɗansu kamfanoni su kan yafe kuɗin duba mai amai da zawo, har su mayar wa mutum wani abu na kwanakin da ya yi a rufe. Ba don alheri su ke yi ba, lissafi ne. A Amurka tun 1975 hukumar lafiya ke duba tsabtar jiragen da ke shiga tashoshinta, in kuma masu amai da zawo sun kai uku cikin ɗari sai a bayyana sunan jirgin kowa ya gani, kasuwarsa ta ɓaci. Kamfanin da ya ci tarar wanda ya faɗi gaskiya, da hannunsa ya ke koya wa fasinja ƙarya. Ga shi kuwa ya koya wa dattijon da ya shekara talatin yana hana yara ita.

Malam ya ɗan taɓo zancen ko don launin fatarsu aka yi musu haka. Dokar tsarewa dai ba ta ware kowa ba, Bature ma in ya yi amai rufe shi a ke yi. Hanyar gane ko an bambanta a wajen kulawa ita ce a ce su kawo dokar a rubuce, a gwada abin da ta ce da abin da aka yi.

Masu irin wannan niyya suna ƙaruwa, na sani, musamman gidajen da ke da 'ya'ya waje, tun ma ba da jiragen yawo suka soma tashi daga Jidda a 2021 ba, har wani kan haɗa da umra. Maganar ciwo a gama ta tun ana gida, kafin kuɗi su bar hannu. A tambayi wakilin kamfani, ya amsa a rubuce: in an tsare mu wa ke biyan likita, me za a mayar mana, wane abinci za a kawo. A sayi inshorar tafiya wadda ta haɗa da kwantarwa asibiti da ɗaukowa gida, don kyaftin na da ikon sauke mai ciwo mai tsanani a tashar da ta fi kusa, jirgi ya wuce ya bar shi da mai jiyya a ƙasar da ba su san kowa ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya je Shika ko wurin likitansa a auna shi, ya riƙe magani fiye da na kwanakin tafiya, cikin jakar hannu. Katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara kada a bar shi sai jajibiri, ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da ya ke tun 2016 allura ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen ransa. Yawancin kamfanoni kuma ba su ɗaukar jariri da bai kai wata 6 ba, ko mai cikin da ya shiga mako na 24, sai a sani tun ba a kai bakin jirgi an koro amarya ba.

Abin da ya rage ga Malam, ya sa ɗansa ya rubuta wa babban ofishin kamfanin, tun da shi ya biya. Kada a zuba zagi, ba ya kawo ko anini. A jera ranaku da sa'o'i: yaushe aka ga likita, yaushe abinci ya zo, sau nawa aka kai kuka, wa aka tarar. A haɗa da takardar kuɗin, a nemi a mayar da su, da na tashoshi biyun da ba a sauka ba. A kuma faɗa musu a fili cewa iyalin nan da kansu suka kai yarinya wurin likita ba wanda ya kama su, don wannan ita ce hujjarku mafi ƙarfi.

Ban sa sunan Malam ba da gangan. Almajiransa sun cika ofisoshi daga Samaru har Sabon Gari, in sun ga shawarar nan da sunansa a ƙasa za su bi ta. In amsa ta zo daga kamfanin a aiko mini, zan buga ta nan ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. A gai da uwargida da jiki, da kishiyarta 'yar shekara shida.