Baƙuwa a gindin randa: ra'ayina bisa wata shukar ado ta cikin ɗaki

Yau za mu ɗan kauce daga maganar hatsi da wake da gujiya, mu duba wata shuka wadda ba a ci, ba a ba dabba, ba a jiƙa ta don magani. Na san akwai mai cewa mi ya kawo ta shafin noma. Abin da ya kawo ta shi ne wata maƙwabciyarmu ta fid da kuɗin da za su sayi tiya da dama ta hatsi, ta saye ta ga hannun wani mai yawo da furanni, kuma ba a yi sati 3 ba shukar ta ruɓe. Ta ce ƙasarmu ce ba ta karɓe ta ba. Ni ma tawa ta farko haka ta mutu, kuma haka na faɗa. Daga baya na gane ba ƙasar ta kashe ta ba, ni na kashe ta.

Sunanta orkide. Dangi ne babba ƙwarai, masana sun ƙidaya iri wajen 28.000 cikin duniya. Mafi yawansu don furensu ake son su, amma wagga da nike magana bisa kanta, wadda masana ke kira Ludisia discolor, don ganyenta ake ajiye ta. Ganyen baƙi-baƙi ne mai ɗan ja, da taushi kamar karan-miski, ga jijiyoyi ja-ja sun ratsa shi kamar an yi ɗinki da zaren jan ƙarfe. Karanta mai ruwa ne, bai wuce kaurin ƙaramin yatsa ba, shina yaɗo bisa ƙasa, shina fid da saiwa ga gaɓoɓinsa. Lokacin ɗari takan fid da tsinke ɗaya mai ƙananan furanni farare da ɗigon rawaya tsakiya, su yi ƴan makwanni su bushe.

Asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne: kudancin Sin, Biyetnam, Tailan, Maleziya, Indonesiya da Filifin. Can tana zaune ƙasa, ƙarƙashin manyan itatuwa, bisa ruɓaɓɓen ganye da duwatsu masu damshi, inda rana ba ta sauka sai ta tace ta cikin rassa. Ana ruwa da yawa, amma ruwan ba ya kwanciya, wucewa yake yi. Iska kuwa kullum da laima. Duk wanda ya riƙe wanga bayani ya riga ya san rabin kiwonta. To, a gwada da wurinmu. A Maraɗi ruwan shekara duka bai cika wuce milimetir 500 da wani abu ba, cikin wata 3 ko 4. Cikin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Da hunturu laimar iska na faɗowa ƙasa da kashi 20 cikin 100, ita kuwa tana son abin da ya kai 50 ko fiye, da zafi tsakanin digiri 16 da 28. Baƙuwa ce ta gaske, kuma wanda ya karɓi baƙo sai ya tambayi abin da ya saba da shi a gida.

Kuskuren farko da muke yi shi ne rana. Mun tashi mun ga duk abin da anka shuka rana yake so, sai mu fid da ita tsakar gida don ta sha. Awa 2 na ranar bazara sun isa su ƙone ganyen, ya yi fari ya yanƙwane. Haske take so ba rana ba. Ni abin da nike gwadawa shi ne, in mutum na iya karanta jarida a wurin da rana tsaka ba tare da fitila ba, kuma hasken rana bai taɓa faɗowa bisa takardar ba, wurin ya yi.

Kuskure na biyu ya fi kisa, kuma tausayi ke kawo shi. Mutum ya ji an ce daga ƙasar ruwa ta fito, sai ya riƙa zuba mata safe da marece cikin gwangwanin da ba a huda ba. Saiwa tana numfashi kamar yadda ganye ke yi. In ƙasa ta cika da ruwa iska ba ta shiga, saiwar ta ruɓe, karan ya yi laushi ya yi baƙi. Abin da ke ruɗar da mutane shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe tana yaushi kamar mai jin ƙishirwa, don ba ta da abin jan ruwa kuma. Mai ita ya gani ya ƙara zubawa. Haka na yi ma tawa, haka maƙwabciyarmu ta yi. Dabarar ba wuya: a sa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ɗaya. In da damshi a bar ta. In ta fara bushewa a zuba har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan a dakata. Da bazara zai iya kamawa kowane kwana 2, da damana sau ɗaya cikin sati. Yatsa ke faɗi, ba ƙidayar kwanaki ba.

Bisa ga tukunya, tun da yaɗo take yi ba nitso ba, kasko mai faɗi marar zurfi ya fi, a huda gindinsa wuri 3 ko 4. Na yumɓu, irin wanda ake ginawa a Mirya ko Bubon, ya fi na roba ga ƙasarmu, don yana tsatsafo yana sanyaya saiwa. Ƙasar gona ko laka kada a sa, tana daskarewa. Ni ina haɗa ruɓaɓɓen ganye na gindin mangwaro kashi 2, rairayi mai tsakuwa kashi 1, da gutsattsarin gawayi kashi 1. Ɓawon gujiya da ya ruɓe sosai ma yana yi. Ɗanyen taki na tumaki ko na kaji ƙone ta yake yi. Takin zamani kuwa, abin da yatsu biyu sunka tsinto a narke cikin litir 2, a ba ta sau ɗaya cikin wata, shi ma sai lokacin da take fid da sabon ganye. Ruwan sama ya fi mata kowane. Wanda ruwan rijiyarsu ke da gishiri ko kanwa zai ga farin abu na taruwa bisa bakin kaskon, bakin ganye na ƙonewa. Sai ya tara na damana cikin bido mai marfi.

Sauran matsala ita ce laima, kuma nan na daɗe ina neman mafita har na lura da abin da ke gabana kullum. Cikin gidan Bahaushe babu wurin da ya kai gindin randa sanyi da damshi. Inuwa ce, rairayin da anka girke randar bisa kansa kullum jiƙe yake, ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu yana tashi yana ɗauke zafi. Wagga hikima ce Mohammed Bah Abba, malamin makaranta na arewacin Najeriya, ya yi aiki da ita ya yaɗa tukunya cikin tukunya don ajiyar tumatir da kayan miya, har anka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tun da na mai da shukata ta biyu gindin randa, ta ratsa bazara 3. Ba na cewa ba ta wahala. Cikin Mayu takan tsaya cik, ta zub da ganye ɗaya ko biyu, sai ruwa ya sauka ta farfaɗo. Da hunturu nikan yanke gindin babbar gorar roba mai haske in kifa mata, in bar bakin buɗe. Da zafi ya fara sai a ɗauke, in ba haka ba dafa ta za a yi.

Nan akwai gargaɗi da ya shafi lafiyarmu, ba ta shuka ba. Littattafan Turai na cewa a ɗora kasko bisa faranti mai ruwa da tsakuwa. Su ba su da zazzaɓin cizon sauro. Cikin zafinmu sauro na tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, kuma ɗan ruwan faranti ya ishe shi. Wanda ya girke ruwa kwance cikin ɗakin da yara ke kwana don ganye ya yi kyau, ya yi mugun ciniki. A sa jiƙaƙƙen rairayi maimakon ruwa, a zub da duk abin da ya taru ƙarƙashin kasko nan take.

Tun da mun shiga maganar lafiya, bari in taɓo abubuwa biyu da ake faɗi. Masu saidawa na cewa shukar ɗaki tana tsabtace iska. Maganar ta samo tushe daga wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989, cikin ƙananan akwatuna rufaffu. A 2019 masu bincike sunka sake duba irin waɗanga gwaje-gwaje, sunka nuna sai an cika kowane metir na ɗaki da shuke-shuke gomiya ko ɗaruruwa kafin su yi aikin da buɗe taga ke yi. Wasu kuma na tsoron wai shuka na shanye iskar mai barci da dare. Abin da take sha bai kai na kyanwa da ke kwance ƙarƙashin gado ba. Ba ta warkarwa, ba ta cutarwa. Ado ce kawai, kuma a ganina ado ba ya bukatar a yi masa ƙarya kafin a so shi.

Ƙwarinta masu lambu sun san su. Akwai farin ƙwaro mai kamar auduga da ke maƙalewa ga gaɓa, akwai jan gizo-gizon nan ƙanƙane da ke ɓata tumatir lokacin rani. A duba bayan ganye kowane sati, a goge da tsumma mai ruwan sabulu kaɗan. Maganin feshi na gona ba ya shiga ɗakin kwana.

Yanzu ga inda nike da ra'ayi mai ƙarfi: kada a saya da tsada, kuma kada a sayi abin da ake kira irinta. Ƙwayar orkide gari ce kamar ƙura, ba ta da abincin da za ta tsira da shi kamar yadda ƙwayar wake ke da shi. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, ya gano a 1899 cewa sai wani naman gwari na cikin ƙasa ya shige ta ya ciyar da ita kafin ta tsira. Don haka wanda ya miƙo maka ƙwayoyi cikin leda ya ce ka shuka kamar yakuwa, ko bai sani ba ko cuta ya nufa. Amma ita wagga, yankan kara ya isa. A yanke guntu mai gaɓa 2 ko 3 da wuƙa mai tsabta, a kwantar bisa ƙasa mai damshi, kada a binne, cikin ƴan makwanni saiwa ta fito. Kasko ɗaya na iya wadatar da unguwa. Wanga kuma na da wani amfani: orkide duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da anka sa ma hannu a Washinton a 1973, wadda Nijar ke cikinta, saboda tonon da ake masu cikin daji ya ƙarar da iri da dama. Wadda anka yanko daga kaskon maƙwabci ba ta rage dajin kowa ba.

Masu cewa ɓarnar ruwa ce, na auna: tawa ba ta shan fiye da litir 1 cikin sati, ko da bazara da wuya ta kai 2. Masu cewa dangin banza ne, su tuna banil da ake sa wa cikin biskiti da yawur ɗiyan wata orkide ce, kuma manoman Madagaskar da ita suke ci da iyalinsu, tun bayan da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda ake haɗa furenta da hannu a tsibirin Reyuniyon a 1841.

Amma akwai abin da zan yarda da su a kai. Ba kowane gida ne zai iya riƙe ta ba. Ɗakin laka mai kaurin bango yana iyawa. Ɗakin kwano marar rufi, wanda da rana tsaka ba a iya zama cikinsa, ba randar da za ta cece ta. Mai irin wanga ɗaki in shina son kore kusa da shi, ga moɗa, ga zabuwa, ƴan ƙasa ne, sun san hunturu sun san bazara, sati 2 ba ruwa ba ya dame su. Kuma wanda bai dasa zogale ko bedi tsakar gidansa ba, ya fara da su tukuna.

Maƙwabciyarmu na yanko mata guntu biyu farkon damanar bara. Ɗaya ya ruɓe, don har yanzu hannunta na saurin kai wa ga moɗa. Ɗayan yana nan gindin randarta da ganye 6.