Waƙafin da ya cinye makin yara

Wani tsohon ɗalibina ya gina mana ɗan shafi na neman sakamakon ɗalibai da Ruby on Rails, manhajar da David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004. Gurabu huɗu ne: suna, lambar rajista, ranar haihuwa da matsakaicin maki. Ran da na gwada, na nemi masu 9,75 zuwa sama bisa 20, sai ga yara masu 9,10 da 9,30 cikin jerin.

Ga abin da ya faru. Duk abin da mutum ya buga cikin gurbi, rubutu ne yake isa wurin kwamfuta. Mai gina shafin ne ke faɗa mata wannan gurbi lamba ne, wancan kwanan wata ne, sai ta juya rubutun. Yaron ya yi haka, kuma ya yi daidai, don in an bar maki a matsayin rubutu, 10 kan zo gaban 9 wajen jerawa. Amma Rails ɗigo ta sani, irin na Ingilishi. Mu kuwa tun firamare da waƙafi muke rubuta maki, kamar Faransawa. Da ta iske waƙafi sai ta tsaya, ta ɗauki 9, ta watsar da saura, ba ko gargaɗi.

Shirun nan ne ya fi damuna. Da a ce jerin ne za a kai zaman malamai na ƙarshen shekara, inda ake duba waɗanda suka kusa 10, wa zai lura?

Lambar rajista ma ya sa ta a matsayin lamba, 0047 ta koma 47. Ba a tara lambar rajista, ba a raba ta. Suna ce da aka rubuta da alƙaluma.

Ba na ganin laifin yaron. Shi ya san Rails, mu muka san rajista, kuma ba wanda ya zauna da shi. A ganina duk makarantar da za ta sa a gina mata irin wannan shafi, malami ya zauna da mai ginin su bi gurabun ɗaya bayan ɗaya, da tsohon littafin maki a buɗe. A kuma nemi shafin ya ƙi abin da bai gane ba, ya faɗa a fili. Uwaye ma, in takardar makin ɗanku daga kwamfuta ta fito, ku gwada ta da takardun jarrabawarsa.

Gyaran namu layi biyu ya ci: a mai da waƙafi ɗigo kafin a juya rubutun.